Worf, Ɗan Zangon Sararin Samaniya

 Yau zan ɗan kauce wa abin da aka saba gani a wannan shafi, na tarihin fatake da al'adun aure da labarin magabata, in yi magana a kan wani fim na Amurka. Wanda ya ga na yi nisa da gida ya yi mini haƙuri, zan komo.

Makonni kaɗan da suka wuce, a majalisarmu ta shayi da ke Aboabo, nan Kumasi, gardama ta sarƙe tsakanina da wani aminina a kan abin da ba zai ƙara wa ɗayanmu ko sisi ba. Hira ce ta biyo ta kan Michael Dorn, ɗan wasan nan baƙar fata na Amurka, wanda ya shafe fiye da shekara goma yana neman kamfanin da ke da mallakar Star Trek ya yarda a yi sabon shiri mai dogon zango a kan Worf, mutumin da ya daɗe yana fitowa a matsayinsa. Aminin nawa ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi, ya ce: "Malam, ka daina wahalar da kanka. Tsoho ne kasuwarsa ta ci ta watse, yana neman abin kai wa baka. Wa zai zauna ya kalli mai gadi an naɗa masa rawani?" Aka kwashe da dariya. Ni ma na dara, domin maganar ta yi daɗi a kunne. Sai dai na koma gida da ita a ƙirji, na kwana ina juya ta, kuma abin da bakina ya kasa faɗa a majalisa shi ne zan zayyana a nan.

Ga wanda bai san shirin ba, Star Trek almara ce ta kimiyya da Gene Roddenberry ya ƙirƙiro, aka fara nuna ta a talabijin a 1966. Labarin wani zamani ne mai zuwa, inda 'yan Adam suka haɗa kai da halittun wasu duniyoyi suka kafa Tarayya, suna da rundunar jiragen sararin samaniya mai suna Starfleet. A 1967 aka shigo da abokan gabarsu, Klingon, wata al'umma ta mayaƙa wadda marubutan suka yi ta a matsayin inuwar Tarayyar Sobiyat a zamanin yaƙin cacar baka. Da aka farfaɗo da shirin a 1987 da sunan The Next Generation, sai aka nuna an yi sulhu, har ga wani ɗan Klingon guda ɗaya tilo sanye da kakin Starfleet a cikin jirgin Enterprise. Shi ne Worf. Da farko ba a ɗauke shi da wani muhimmanci ba. Sai da 'yar wasan da ke fitowa a matsayin shugabar tsaron jirgin ta bar shirin a 1988 sannan ya gaji kujerarta. Daga nan Dorn ya yi zango bakwai har 1994, ya koma shirin Deep Space Nine daga 1995 zuwa 1999, ya kuma fito a matsayin Worf a manyan finafinai huɗu tsakanin 1994 da 2002. Kashi-kashin da ya fito a ciki sun haura 270, kuma babu wani daga cikin manyan 'yan wasan Star Trek da ya kai shi yawan bayyana a gaban kyamara. Kowace rana ta aiki sai ya zauna sa'o'i ana manna masa goshin roba kafin a fara ɗauka.

Ni kuwa na haɗu da Worf ne ina yaro, a kaset-kaset na bidiyo da wani kawuna mazaunin Landan ya zo da su. Turancina a lokacin bai taka kara ya karya ba, rabin maganar wuce ni take yi. Kakata, Allah ya jiƙanta, in ta leƙo ta gan shi sai ta ce, "Wannan mai goshin kunkuru bai gaji da ɓata rai ba?" Gaskiyarta. Worf ba ya dariya. Sai da na girma na sake kallon shirin da kunnen da ke ji, na gane dalilin ɓacin ran, na kuma gane cewa na san shi tun kafin in gan shi.

Ga asalinsa. Yana ɗan shekara shida abokan gaba suka kai hari wani sansanin Klingon da ake kira Khitomer, suka kashe mutum dubu huɗu, har da iyayensa. Wani ma'aikacin Starfleet mai suna Sergey Rozhenko ya tsince shi a cikin ɓaraguzai, shi da matarsa Helena suka riƙe shi tamkar ɗan cikinsu. Ke nan Worf ya tashi a hannun 'yan Adam, yana jin harshensu, yana wasa da 'ya'yansu, alhali fuskarsa kullum tana shaida cewa shi ba nasu ba ne. Sai ya rungumi asalin da bai rayu a cikinsa ba da hannu bibbiyu. Ya haddace tarihin jaruman Klingon, ya koyi bukukuwansu da makamansu da waƙoƙinsu, ya ƙi cin abincin gidan da ya tashi, har sai da Helena ta koyi dafa masa irin na mutanensa. Ya gina wa kansa wata Daular Klingon a zuci, wadda kowa a cikinta mai gaskiya ne, mai cika alkawari, mai fifita mutunci a kan rai.

Ranar da ya taka ƙasar kakanninsa a matsayin babba, a wani kashi da aka nuna a 1990, abin da ya tarar daban ne. Majalisar Ƙoli ta Daular ta ɗora wa mahaifinsa marigayi laifin cin amanar Khitomer. Worf ya zo wanke sunan uban, ya kuma gano cewa 'yan majalisar sun san gaskiya sarai: wanda ya ci amanar shi ne mahaifin Duras, wani mai ƙarfin faɗa a ji, kuma fallasa shi zai jawo yaƙin basasa. Sun zaɓi gidan Worf ne domin sun ɗauka ɗan da ya tashi a waje ba zai taɓa zuwa ya yi jayayya ba. A ƙarshe Worf ya yarda ya ɗauki ƙazantar da ba tasa ba don ƙasa ta zauna lafiya. 'Yan majalisa suka harɗe hannuwa a ƙirji, suka juya masa baya ɗaya bayan ɗaya, har da ƙanensa Kurn, wanda shi Worf ɗin ne ya umarce shi da ya juya. A cikin zauren nan kaf, mutum ɗaya ne ya ɗauki mutuncin Klingon da gaske, kuma shi ne wanda ya koye shi daga nesa.

A nan ne zan komo gida kamar yadda na yi alkawari. Kakan mahaifina ya zo ƙasar nan ne cikin ayarin fataken goro, ta Salaga, tun kafin a haifi ƙasar da ake kira Ghana. A nan aka haifi kakana, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka binne cibiyata. Duk da haka, babu ɗan Zangon da bai taɓa jin tambayar nan ba, a layin yin katin shaida ko a ajin makaranta: to amma asalinku daga ina? Kakata ta sha ba mu labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba da umarnin baƙi marasa takarda su fice, yadda maƙwabta suka sayar da kayan ɗaki a wulaƙance suka hau manyan motoci, wasunsu zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Yaron da ya tashi da irin wannan labari sai ya nemi wani wuri da zai kira nasa ba tare da an tambaye shi takarda ba. Ni Kano na zaɓa. Na karanta Magana Jari Ce har bangonsa ya yage. Na riƙa kasa kunne ga sashen Hausa na gidajen rediyon ƙetare ina gyara harshena, domin Hausarmu ta nan, kamar yadda kuka sani, ba ta cika damuwa da bambanta "ya" da "ta" ba, kuma harufa masu lanƙwasa sun daɗe da miƙewa a bakinmu. Na gina Kanon zuci, inda kowa ke magana da karin magana, kowane dattijo adali ne, kowane ɗan kasuwa amintacce.

Da Allah ya nufa na je, ina da shekara ashirin da 'yan kai, kwana biyu kacal Kanon zucin ta yi ta rushe. Na gai da wani matashi mai shago a Kantin Kwari da irin gaisuwar da na haddace, ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, labaran duniya za ka karanto mana?" Abokansa suka fashe da dariya. Su Hausarsu rabi Turanci ce, kuma ko a jikinsu, domin ba su da abin da za su tabbatar wa kowa. Da yamma, a gidan da na sauka, gajiya ta sa harshena ya zame na ce "mahaifiyata ya ce in gaishe ku." Matar gidan ta yi murmushi ta ce, "Allah sarki, ɗan Gwanja." Ba da mugunta ta faɗa ba, kuma sun karrama ni iyakar karramawa. Amma a rana ɗaya an nuna mini na fi su Hausa har abin ya zama abin dariya, an kuma nuna mini ban kai ba.

Akwai wani wuri a shirin da ke tuna mini wannan rana duk sanda na kalla. Guinan, mai kula da wurin shaƙatawar jirgin, wadda Whoopi Goldberg ke fitowa a matsayinta, ta tsokani Worf a kan rashin dariyarsa. Ya ce ai 'yan Klingon ba sa dariya. Ta nuna masa cewa suna yi, har da ƙyaƙyatawa, shi ne dai ba ya yi. Ba da jimawa ba ya shiga yaƙin basasar Daular a gefen ƙanensa, ya ga mayaƙan ɓangarorin biyu suna haɗuwa da dare a mashaya ɗaya suna sha suna raha, gobe su koma su kashe juna. Abin ya ɗaure masa kai. Kurn, wanda ya tashi a gida, yana iyo a cikin al'adar kamar kifi, shi kuwa Worf yana ɗauke da ita a ka kamar tulu, yana tsoron kada ta zube. Da aka ci yaƙin, aka miƙa masa wuƙa ya kashe ɗan Duras, yaro matashi, don ramuwar abin da gidansu ya yi masa. Ya ƙi. Aka ce masa haka al'ada ta tanada. Ya amsa cewa ya sani, amma shi ba zai yi ba. Daga wannan rana Worf ya daina zama mai haddar al'ada kawai, ya fara zaɓen abin da zai riƙe da abin da zai ajiye.

To, mene ne Dorn yake nema? Tun wajen 2012 ya fara bayyana cewa yana da shiri a kan Worf a matsayin kyaftin, ya kuma rubuta labarin kashin farko da hannunsa. A 2015 masoya suka yi gangami a intanet, har da aika ƙananan kek zuwa ofishin kamfanin CBS don a san suna nan. A ƙarshen wannan shekarar kamfanin ya ba da sanarwar zai yi wani sabon shirin Star Trek na dabam, wanda ya fito a 2017 da sunan Discovery, maganar Worf kuwa ta bi ruwa. Abin da Dorn ya bayyana a hirarrakinsa shi ne yana so a juya kyamara. Shekara da shekaru ana kallon Daular Klingon ta tagar jirgin Starfleet, shi kuwa yana so a zauna a cikin Daular a kalli Starfleet daga can. Daular ta kai inda ba za ta iya ci gaba da rayuwa a kan yaƙi da mamaya ba, ko dai ta sauya ko ta mutu da takobi a hannu, kuma Worf ne zai tsaya ya ce sauyawar ita ma jarumtaka ce.

Wannan shi ne abin da nake karewa, kuma dalilina na farko shi ne labarin Worf bai ƙare ba, yanke shi aka yi. A zangon ƙarshe na Deep Space Nine, a 1999, wata abokiyar aikinsa, Ezri Dax, ta faɗa masa gaskiya mai ɗaci: Daular tana mutuwa, kuma ta cancanci mutuwar, tunda mutum mai gaskiya irinsa ma ya yarda ya riƙa rufa wa shugabanni maciya amana asiri. Maganar ta shige shi. Ya ƙalubalanci shugaban Daular, Gowron, wanda ke jefa sojoji cikin halaka don ya ɓata sunan wani janar da yake kishi, ya kashe shi a fafatawar gaba da gaba. Aka yafa masa alkyabbar mulki. Ya cire ta ya yafa wa Janar Martok. Shirin ya rufe da naɗa Worf jakadan Tarayya a babban birnin Klingon. Ku duba inda aka tsaya: maraya ɗan riƙo, wanda aka juya wa baya sau biyu, zai koma ya zauna a gidan kakanninsa, yana wakiltar waɗanda suka rene shi a gaban waɗanda suka haife shi. Duk marubucin da ya san aikinsa zai ce ai nan ne labari ya fara. Amma da fim ɗin Nemesis ya fito a 2002, sai ga Worf ya koma tsohuwar kujerarsa a bayan Kyaftin Picard, yana danna maɓallan harbi, ba tare da wani gamsasshen bayani ba. Kamar a ce an naɗa mutum Sarkin Zango da yamma, da safe a gan shi yana gadin ƙofar kasuwa.

Yanzu bari in koma kan maganar aminina, domin ba duka ba ce shirme. Ya ce neman abinci ne. To, sai me? Maƙeri ma don abinci yake ƙira, ba ya hana lauje ya yi kaifi. Tambayar da ta dace ita ce ko abin da ya kawo yana da kyau. Kuma in ana maganar wanda ya san Worf, ban ga wanda zai sha gaban mutumin da ya sa goshin nan shekara goma sha biyar ba. Marubuta sun zo sun tafi, masu ba da umarni sun sauya, shi yana nan. Shi ya zaɓi yadda Worf zai tsaya ƙyam kamar an dasa shi, da yadda zai yi magana a taƙaice da murya mai kauri, da yadda barkwancinsa zai fito ba tare da ya motsa fuska ba. Ya ma taɓa zama a kujerar mai ba da umarni a wasu kashi-kashi na Deep Space Nine. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Batun mai gadi da rawani ya fi nauyi. Gaskiya ne akwai mutanen da daɗinsu a gefe yake, kamar yaji, in aka mai da su tuwo sai a kasa ci. Amurkawa sun gwada da Joey, wanda aka ciro daga shirin Friends a 2004, bai yi zango uku ba ya mutu. Amma sun kuma gwada da Frasier, wanda ya fito daga Cheers ya yi zango goma sha ɗaya, da Better Call Saul, wanda ya ɗauki wani lauya mai ban dariya daga Breaking Bad ya mai da shi abin tausayi. Bambancin a wurina shi ne ko mutumin yana da rauni a zuci wanda bai warke ba. Joey ba shi da shi. Worf kuwa raunuka ne a jikinsa ko'ina. Yana ɗan shekara goma sha uku ya yi karo da wani yaro a filin ƙwallo, yaron ya mutu, kuma tun daga ranar yake ɗaure da kansa don kada ƙarfinsa ya sake cutar da wani. Uwar ɗansa an kashe ta. Matarsa Jadzia an kashe ta. Ƙanensa Kurn an shafe masa tunani, yana raye a wani gida da wani suna, bai san yana da wa ba. Ɗansa Alexander kuwa, wannan babban jarumi da bai taɓa gudu a fagen fama ba ya kasa riƙonsa, ya tura shi wurin tsofaffin da suka rene shi. Na sha jin haushin Worf a kan yaron nan, kuma jin haushin ma shaida ce cewa akwai abin da za a ba da labari. Mu nan mun san iyayen da suka matsa wa 'ya'yansu da "mu Hausawa ba ma yin haka" har 'ya'yan suka tsani jin kalmar.

A cikin Star Trek ɗin kanta an taɓa ciro na gefe an sa shi a gaba, aka dace. Anson Mount ya fito a matsayin Kyaftin Pike a zango na biyu na Discovery a 2019, masu kallo suka yi ta kiraye-kiraye, kamfani ya saurara, aka yi Strange New Worlds a 2022. Tun a 1968 ma wasiƙun masoya ne suka taimaka aka ƙara wa shirin farko zango na uku. Ke nan roƙon masoya ba sabon abu ba ne a gidan nan, kuma ba kullum yake faɗuwa ƙasa banza ba. George Takei ya daɗe yana neman a yi shiri a kan Kyaftin Sulu bai samu ba, Dorn ma haka. Ba zan ce launin fata ne dalili ba, domin gidan da ya ba Avery Brooks jagorancin shiri tun 1993, ya kuma ɗora Sonequa Martin-Green a gaban Discovery, ba za a yi masa wannan ƙazafi da sauƙi ba. Abin da na fi zargi shi ne tsoro: tsoron shirin da yawancin fuskokinsa ba na 'yan Adam ba ne, wanda kuɗin kwalliyarsa kaɗai zai yi yawa, wanda kuma 'yan Adam za su zama su ne baƙi a cikinsa.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi jan hankalina. Star Trek tana alfahari da cewa tana girmama kowace al'ada, amma kusan kullum ɗan Adam ne ma'auni. Sauran al'ummu kowacce an ba ta hali guda: waɗannan masu hankali ne, waɗancan masu son kuɗi, Klingon masu faɗa. Masu kallo sun daɗe suna raha da yadda Worf zai ba da shawarar a yi harbi, Picard ya ce a'a, da yadda duk wani sabon abokin gaba sai ya fara jefar da Worf ƙasa don a nuna ƙarfinsa. Mu da ake taƙaita mu da kalma biyu ko uku, masu gadi, masu tsire, masu rigima, mun san yadda hali guda yake zama kurkuku. Daular da ke da jiragen sararin samaniya dole tana da manoma da likitoci da malaman makaranta da alƙalai da mata masu sayar da abinci a bakin hanya. Shirin da zai zauna a cikinta dole ya nuna su, domin ba a cika zango guda da ihu da wuƙa kaɗai. Harshe ma yana nan a shirye: masanin harsuna Marc Okrand ya tsara wa Klingon nahawu da ƙamus tun 1985, har manhajar Duolingo ta buɗe darasinsa a 2018, a lokacin da babu darasin Hausa a cikinta, mu da muke da miliyoyin masu magana. Wannan kuma wani ciwon ne na wata rana.

Akwai hujja guda da masu adawa za su iya kawowa wadda ta fi ta aminina ƙarfi, kuma daga cikin shirin take. A wani kashi na 1998 an tura Worf da Jadzia su ɗauko wani ɗan leƙen asiri mai bayanan da za su ceci rayuka masu yawa. Jadzia ta ji mummunan rauni a daji. Worf ya bar ta ya ci gaba, sannan ya kasa, ya juyo ya ɗauke ta, ɗan leƙen asirin kuwa aka kashe shi. Kyaftin Sisko ya gaya masa ƙarara cewa da wuya a taɓa ba shi jagorancin jirgi bayan wannan, ko da yake ya ƙara da cewa shi ma da matarsa ce da haka zai yi. Wasu na cewa wannan ya rufe ƙofar Kyaftin Worf. Ni a ganina buɗe ta ya yi. Kyaftin da ke ɗauke da irin wannan tabo, wanda ya san ya taɓa zaɓar mutum ɗaya a kan aiki, kuma yanzu shi ne zai tura wasu inda ba lalle su dawo ba, ya fi kyaftin mai farar takarda abin kallo. Kuma tunanin Dorn ya karkata ne ga Daular Klingon, inda hukuncin Starfleet ba shi ne ƙarshen magana ba.

Saura batun tsufa. An haifi Dorn a 1952, ya haura saba'in. Da a ce ban ga zango na uku na shirin Picard ba, wanda aka nuna a 2023, da wataƙila na sassauta. A can ya dawo da furfura fes, takobi a baya, yana shan shayin ganye, yana cewa yanzu ya fi son zaman lafiya, kuma duk inda ya bayyana sai ya ƙwace kallo daga hannun kowa. Furfurar ta ƙara masa kwarjini. Labarin da yake son bayarwa ma ai na dattijo ne. Saurayi ba ya iya tsayawa a gaban majalisa ya ce a sauya hanyar kakanni a saurare shi, sai wanda ya ba da jini, ya binne mata biyu, ya riƙe alkyabbar mulki ya mayar. Abin da zangon ya ba mu ɗanɗano ne kawai, domin a can ma Worf yana taimaka wa labarin wani ne. Ba a nuna mana yadda mai ɓacin ran nan ya zama mai shayi ba, kuma shekarun da aka tsallake su ne nake son gani.

Ba na yaudarar kaina. Kamfani ba ya yin shiri don wani ɗan Zango a Kumasi ya ga kansa a madubi, kuma kowace shekara da ta wuce damar tana ƙara ƙanƙancewa. Mai yiwuwa ne kuma a yi shirin ya fito ba daɗi, ya zama ihu da sara daga farko har ƙarshe, aminina ya samu abin yi mini dariya har mu tsufa. Na yarda da wannan kasada. Tambayar da shirin zai yi ita ce nake so in ji an yi da babbar murya: shin wanda ya tashi a waje yana da bakin cewa a gyara gida? Ni na taɓa gwadawa sau ɗaya, a wancan zuwa Kano, na yi wata 'yar magana a kan yaran da na gani suna bara da kwano a bakin titi. Wani dattijo ya dube ni cikin natsuwa ya ce, "Ɗana, kai baƙo ne, ba za ka gane ba." Na yi shiru, domin ban san ko yana da gaskiya ba, kuma har yau ban yanke ba. A nan Kumasi kuma, in na yi magana a kan magudanar ruwan unguwarmu, akwai mai tuna mini ta gefen baki cewa mu zuwa muka yi.

Na koma majalisa daren jiya da niyyar karanta wa aminina wannan rubutu. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu ya ce shayi zai huce. Ya ce har yanzu yana kan bakansa, tsoho ne mai neman aiki. Sannan ya tambaye ni ko ina da kashin nan da aka juya wa Worf baya a waya, in tura masa, wai yana so ya ga ko ƙanen ya juya da gaske.